Ranar da na bi da Yaya ta ƙofar Magama

Mun tashi daga Katsina ana idar da sallar asuba, ni da wani ɗan uwana, za mu Nijar ɗauko yayana. Shekara goma ke nan da 'yan bangar siyasa suka karya masa hannu a ƙauyenmu Farfaru, ya tsere ta cikin gonaki. Yanzu gwamnati ta kafa kwamitin bincike a Jibiya, ni kuma na rubuta sunansa cikin masu ba da shaida. Kwana ɗaya tak aka ba mutanen yankinmu.

Titi sabo fil, ko'ina tirelolin siminti. Kuɗin mota ya ninka, furar kwabo biyar ta koma sule, an kuma tsinka ta da ruwa. Ni dai hannuna na kan aljihu, ina ta taɓa takardar kira.

Mun kwana a ƙauyen da yake zaune. Da safe, ranar da za a saurari mutanen yankinmu, Yaya ya ce mu bi gonaki, kafin hantsi muna Jibiya. Na ƙi. Idan lauya ya tambaye shi ta ina ya shigo ƙasa fa? Ba na so a ce shaidarmu ta zo ta ɓarauniyar hanya.

"Kai da bokonka," in ji shi. "To, mu je."

Jandarmomin Nijar ko kallonmu ba su yi ba. A Magama, ƙofar shiga Nijeriya, aka tsayar da mu. Duk takardar da Yaya ya mallaka ita ce ta lanho, harajin da yake biya can. Ma'aikacin ya juya ta, ya ce ai wannan baƙo ne, sai babbansu ya dawo. Muka zauna gindin bedi har la'asar, muna hangen mata da jakuna suna ratsa gonaki ba mai ce musu kanzil.

Sai da babban ya dawo aka bar mu muka wuce. Muna isa Jibiya kwamiti ya tashi, ana kwashe benci. Aka ce tsohon ɗan majalisar da ya turo 'yan bangar ya dafa Alƙur'ani, ya ce a lokacin yana Kaduna, bai ma taɓa jin an daki kowa ba. An kira sunan Yaya sau uku, shiru.

Sai ga ɗan majalisar ya fito, babbar riga tana jan ƙasa, direba ya buɗe masa Marsandi. Ya tsaya, ya dubi Yaya.

"A'a, Malam, yaushe a gari? Ya hannun?"

"Da sauƙi, Alhaji."

Yaya bai yarda ya kwana ba. Ya nufi gonaki zai koma Nijar, ya ce wannan karon kada in raka shi.

Na dawo Katsina da takardar kira a aljihu, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, wanda ya yi rantsuwar ƙarya ba a tambaye shi takarda ba. Ni da na tsaya bin ƙa'ida, ni na rufe wa yayana baki.