Sunan Ilu a waƙar kawu

Mun tashi da asuba daga Magaria, ni da wani abokina mai haɗa kiɗa a ordinatar, wato kwamfuta. Guci muka nufa, wurin kawuna mai kiɗan gurmi. So yake ya ɗauki waƙar tsohon ya shimfiɗa mata kiɗan na'ura mai sanyi, mai shuu-shuu kamar tsohon kaset. Ni dai ban yarda da shi ba. Mutumin da zai sayi na'ura mai tsada don sauti ya fito kamar ya lalace, ai sai a sa masa ido.

Motar 'yan kasuwa muka hau, mu da buhunan wake da akuya biyu. Rairayi ya riƙe mu, muka sauka muka tura. A tasha na sha furar dala ashirin, ruwa ya fi gero yawa.

Kawu ya tsufa, ba ya iya noma, mutanen gari ke taruwa su yi masa gayya kowace damina. Waƙarsu ya yi mana, yana kiran manoman ɗaya bayan ɗaya. Abokina ya ɗauka, ya duƙufa kan na'urarsa, bayan la'asar ya kunna. Gaskiya ta yi daɗi, har na ji haushi. Sai dai wuri guda ya yanko yana ta maimaitawa. Ilu sarkin huɗa, Ilu sarkin huɗa, ba kowa sai Ilu.

Kawu ya ajiye gurmi. "Kai, me Ilu ya ba ka?"

"Baba, ban ma san shi ba. Nan ne muryarka ta fi daɗi."

"To ina sauran? Wannan ta shiga wayoyi, cewa za a yi Ilu ya saye ni. Wa zai zo gonata bana?"

Abokina ya ce in aka sa kowa waƙar za ta yi tsawo, ba mai saurare. Kawu ya ce to a goge. Haka abokina ya haƙura ya sake haɗawa, kowane suna a wurinsa.

Washegari muka dawo Magaria a gajiye. Tafiyar ta koya mini cewa waƙar ƙauye ba a yanka ta yadda aka ga dama, kowane suna mutum ne da fartanyarsa. Abokina ya rantse ya goge ta farkon. Ni dai ban ga lokacin da ya goge ba, ga shi damina ta kusa.