Mai Guga Ta Koyi Zama

A makon da mijin Inna ya rasu, akwai rigarsa ɗaya da ta rage a shagon guga na ƙasan bene. Mai Guga da kanta ta hawo da ita, a ninke, da sauran ɗuminta. Ta ɗora wa Inna a cinya, ta sauka. Tun daga ranar suka ƙulla ƙawance.

Mai Guga doguwar mace ce, mai kumburarrun ƙafafu. A tsaye ta ci ƙuruciya, a tsaye ta tsufa, ko shayi a tsaye take sha, hannu ɗaya a kan dutsen guga. Autarta kuwa aure ya kai ta wani birni can ƙetaren teku. Har jikan da ta haifa mata a can ya fara tafiya, kakar ba ta san ƙamshin kansa ba, sai hoto a waya.

Da ta ce za ta je, babban ɗanta ya zo shagon da taswira a wayarsa.

"Mama, ga mu nan, ga su can. Awa goma sha huɗu fa a sama, ba sauka. Likita ya ce dogon zama zai iya daskarar miki da jini a ƙafa."

"Sannu, ƙanin likita. Ni na koya maka zama, kana kifewa kamar buhu."

"Ni dai ba zan sayi tikiti ba."

"Wa ya aike ka? Ƙanwarka ta saya."

Washegari ta rufe shago da wuri, ta jawo wata matsattsiyar kujera har gwiwoyinta suka taɓa bango, ta ɗaure ƙugu da ɗankwali, wai haka ake ɗaure mutum a jirgi. Inna na gefe da carbi, ita ce mai duba agogo. Ranar farko kafin azahar ƙafafun suka yi tsami, ta miƙe tana tsaki. Kashegari ta sake. Ta koyi jujjuya idon sawu, ta koyi takawa zuwa ƙofa ta dawo, ta koyi salla a zaune. Masu kawo kaya suna leƙowa.

"Mai Guga, an sauka?"

"Muna kan teku tukuna. Kauce kar ka jiƙe."

Ranar da ta kai daga asuba har isha'i, ɗan ya durƙusa ya danna idon sawunta. Yatsansa ya lotsa, gurbin ya ƙi cikowa.

"Mama, ƙafar nan ba ta yarda ba."

"Ban nemi shawararta ba."

Da safen tafiya shi ya ɗauki jakar, ido jawur. A bakin mota Mai Guga ta riƙo hannun Inna, ta yi ƙasa da murya.

"'Yar'uwa, rai na Allah ne. In ta faru, kar ki bari yaron nan ya ɗora wa ƙanwarsa laifi. Ki gaya wa kowa ni na ce sai na je."