Dakta Lindelwa Tyali, Wadda Ta Ƙi Ba Su Asabar Ɗinta

Kafin ɗalibai su ga Dakta Lindelwa Tyali a aji, ta riga ta yi wa mahaifinta wanka, ta dama masa kunun masara, ta kamo motar haya daga unguwarsu, Gugulethu. Ɓarin jikin tsohon ya shanye, ita kaɗai gare shi. Haka take har wannan watan da za ta yi ritaya.

Ita ce baƙar fata ta farko a sashenmu na kimiyyar sinadarai, sai aka mai da ita gishirin kowace miya. Kowane kwamiti da ita, kowane hoton talla da fuskarta, duk ɗalibin da aka wulaƙanta ƙofarta yake bugawa. Da lokacin ƙarin girma ya zo, aka ce bincikenta ya yi kaɗan.

Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi daga yau maraicenta da ƙarshen makonta nata ne.

Shugaban sashe, Farfesa Lategan, ya sa taro ranar Asabar da gangan. Muna zaune ta shigo tana turo mahaifinta, wanda take kira Tata, a keken guragu, ta ɗaura masa tawul, ta buɗe kwano.

"Lindelwa, nan fa ba asibiti ba ne," in ji Lategan.

"Yau kuma ba Litinin ba ce, Farfesa. Ci gaba, ina jin ka. Tata, buɗe baki."

Tsohon ya haɗiye, ya ƙare mana kallo, ya tsaya kan Lategan. "Wannan surutun ne aikin? Yaro, ko a ramin haƙar zinariya ana tashi daga aiki."

Dariya ta ƙwace wa kowa, ban da Lategan. Taron Asabar ya mutu daga ranar, kujerar farfesa kuma ta wuce ta har abada. Ta san za a yi haka.

Sisi Lindelwa, yayarmu, ke ce ƙaya a tafin ƙafar mai taƙama. Ke kika koya mana cewa "a'a" ba rashin godiya ba ce. Saboda ke abokin aikinmu Dakta Sabelo yake ɗauko 'yarsa daga makaranta ba tare da ya yi ƙaryar ciwon kai ba. Mun gode.

Ku kuma sababbin malamai, an ɗauke ku aiki ne, ba sayen ku aka yi ba. In lokaci ya yi, ku kulle ofis ku tafi gida, kuma kada ku ba kowa haƙuri.