Rigakafin korona bai hana ni jika ba

Hadiza ta sauka! Mace aka samu, tana ta tsala kuka! Assalamu alaikum jama'a, ku yafe ni, murna ta mantar da ni gaisuwa.

Tun hantsi muke tsugune a gindin darbejiya a bakin asibiti a Ɗambatta, naƙuda ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Hadiza autata ce. Bayan korona ta ɗauke yayana da sarƙewar numfashi, ni na kai ta aka yi mana rigakafi, ana gab da bikinta. Da shekaru suka ja babu ciki, sai aka ce allurar ce ta ƙone mata mahaifa, wai karatun da na yi da furfura a ajin yamma ne ya ruɗe ni.

Yau ma uwar mijinta, Hajiya Kande, ta dube ni ta ce, "Malam Sani, in yarinyar nan ta rasa ɗan ko ta rasa ranta, alhakin yana wuyanka."

Na ce, "Hajiya, rai na Allah ne. Yaya da muka binne ai bai yi allurar ba."

Bakina ne kawai ya faɗa. Ko carbi na kasa ja.

Sai ga ungozoma ta leƙo. "Ina kakan? Amaryarka ta iso, ga murya kamar lasifika!"

Hajiya Kande ta riga ni shiga, takalmi ɗaya a ƙafa.

Masu cewa mahaifa ta ƙone, to ga tokar nan tana shan nono. Ranar suna kowa ya zo ya gani da idonsa, ƙofata a buɗe take.