Guɗar Justina a Lambun Birmingham

Duk mai hawa bas a Stockport Road da ke Manchester ya san Gamaliel, direban nan ɗan Kagoro wanda kullum fuskarsa a murtuke take. Ba ya amsa gaisuwa, in kuma ya hango ka kana gudu a madubi, sai ya ƙara taka mota. Abu ɗaya ne ke sanyaya masa rai a duniya: busa ƙaho.

Tun yana saurayi yake busa begila a faretin matasan coci. Da ya zo Manchester sai ya shiga wata ƙungiyar makaɗa ta 'yan sa-kai da ke haɗuwa kowace Talata a wani zauren council, wato hukumar gari, a unguwar Levenshulme. Kiɗansu tsoho ne, na wajen shekara ɗari uku, irin wanda aka tsara wa sarakunan Turai don bukukuwan fili, inda ake harba wuta sama ko a raka sarki a kan kogi. Shekara goma sha ɗaya Gamaliel ne babban mai ƙaho, kuma wallahi girman kan da hakan ya sa masa ya fi ƙahon nauyi.

Matarsa Justina, uwar 'yarsu Alice, mai aikin kula da tsofaffi, ta sha roƙonsa ya kai ta ta ji. "Wannan ba waƙar zumuntar mata ba ce," yakan ce. "Ba za ki gane ba." Abin yana ci mata rai, amma sai ta haɗiye.

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo. Council ta rufe zauren, dole ƙungiyar ta haɗe da wata ta Birmingham. Kujerar babban mai ƙaho guda ɗaya ce, su ma can suna da nasu, Alfred na unguwar Small Heath, wanda suka yi fareti tare da Gamaliel a Kagoro. Tun can ba sa ga maciji da juna. Baturiyar da ke jagorantar makaɗan ta ce Gamaliel zai riƙe kujerar a wasan bikin Sarauniya a wani lambu a Birmingham, Alfred yana gefensa. In ya yi daidai, tasa ce. In ya kuskure, shi ke nan.

"Ɗan'uwa, huhun nan ya tsufa fa," in ji Alfred a wajen gwaji. "Ka bar wa masu numfashi seat ɗin mana."

"Kai ɗin? Kai da ko a Kagoro a ƙarshen layi ake ajiye ka?"

Ran wasan, da la'asar, ana ɗan yayyafi, Gamaliel ya ɗaga ido ya ga Justina a sahun gaba da mata goma sha huɗu, dukansu cikin zanen zumunta. Kafin ya yi wani abu, Baturiyar ta riga ta ɗaga sandar fara kiɗa.

Ya yi busa, a ba shi haƙƙinsa. Ƙahon ya hau sama yana ƙyalli, masu goge suna biye da shi. To, akwai wani wuri a kiɗan da kowa ke tsayawa cak, a yi tsit, mai ƙaho ya ƙirga huɗu a zuci sannan ya shigo shi kaɗai. Da aka kai wurin, Justina ta ɗauka an gama. Alfahari ya cika mata ƙirji, ta miƙe ta rangaɗa guɗa, matan suka kama mata. Lissafin ya kuɓuce wa Gamaliel, ya tsaya ƙaho a baki, ba iska. Alfred kuwa ya shigo daidai, kamar dama jira yake. Baturiyar ba ta sake kallon Gamaliel ba har aka tashi.

A bakin ƙofar lambun ya tare Justina a fusace. "Kin kashe ni! Wa ya ce ki zo?"

"Alfred ne ya kira ni. Ya ce in zo da mata mu ba ka support."

"Ke ba ki san wurin shiru ba ne?"

Ta dube shi ido cikin ido. "Baban Alice, shekara goma sha ɗaya ina roƙonka. Da ka kai ni ko sau ɗaya, da na san inda ake shiru."