Faifan da Ya Zo Cikin Daddawa

Mu biyar ne a falo ranar. Ni, sai ɗana, wanda ba na kama sunansa don shi ne na fari, shi kaɗai kuma ya rage mini. Sai matarsa, haihuwar unguwar Utaibiyya ta nan garin, wadda Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Sai maƙwabciyata mutuniyar Damagaram, da muka tsufa a bene ɗaya. Ta biyar ɗin baƙuwa ce, 'yar ƙanen marigayi maigidana, ta zo aikin Hajji daga Kano aka sauke su a unguwar Misfala. Bayan an sauko daga Mina ta kawo mana tsaraba.

A gidana duk abin da ya ƙetare ƙofa ni nake fara buɗe shi. Na kwance ƙullin, ga kuka, ga kilishi, ga daddawa, a tsakaninsu kuma ga faifai cikin farar ambulan da rubutun boko a bayanta.

Baƙuwa ta ce, "Wannan na Yaya ne, Hajiya. Wani ne ya kawo har gida, ya ce a hannunsa zan sa."

Na ce, "Hannunsa da nawa ɗaya ne."

Tun da nake, alhazai ba su taɓa kawo mana faifai daga gida ba sai na tafsirin azumi. Ni ban yi karatu ba. Na miƙa wa matar ɗana, ta jujjuya ta ce ita ma Larabci kawai take karantawa. Shi kuwa yana jingine da bango ido a rufe, don kwana da kwanaki yana jan motar alhazai tsakanin Aziziyya da Mina. Na ce kada a tashe shi, ta sa mana mu sami albarka kafin abinci. Maƙwabciya ta gyara mayafi ta ɗauko carbi.

Sai jita ta fasa ihu a falona.

Idonsa ya buɗe kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ni ma ba sai an gaya mini ba, na san wannan kukan. Shekara shida ina jin sa a bisa kaina. Su huɗu ne, duk 'ya'yan unguwa, suka mai da ɗakin saman rufinmu wurin kiɗa, suka jingina tsofaffin katifu a bango wai kada sauti ya fita. Ya fita mana! Suna waƙa da Larabci da Hausa da Turanci a cakuɗe, babu mai gayyatarsu biki, sai dai wani lokaci su tafi Jidda su kaɗa wa tsirarun samari irinsu. Na yi faɗa har na gaji. Na taɓa ɓoye igiyar lantarkinsu cikin buhun shinkafa mako guda.

Amma ba ni na raba su ba. Shekarar da aka tsananta binciken takardu aka tare mai gangarsu a hanya, iƙamarsa, wato takardar zamansa, ta ƙare, aka kai shi Kano, garin da bai taɓa gani ba, sai dai ya ji shi a bakin kakarsa. Mai rera waƙar ya sami aiki a Jidda, na huɗun ya bar gemu ya daina gaishe su. Nawa ɗan ya sa jitar a bayan kwaba, ya karɓi tuƙi. Na yi sujada na gode wa Allah.

Matarsa ta miƙe. "Halas, ya isa haka. In kashe?"

Ya ce, "Bar shi."

Muka zauna kamar masu karɓar gaisuwar mutuwa. Waƙa ta farko ta ƙare, ta biyu ta shiga. Ina kallon hannunsa na hagu a kan gwiwa, yatsun suna tafiya su kaɗai, shi bai ma sani ba. Kafin ta huɗu ta fara sai aka ji bugun ƙofa a cikin faifan, wata tsohuwa tana cewa, "Kai! Ku kashe mini wannan garayar shaiɗan, ba ku ji an kira La'asar ba?" Samari suka tuntsire da dariya, ganga ta ɗauka daga nan.

Maƙwabciya ta saki carbi tana buga cinya. "Ashe ke ce ta biyar ɗinsu! Shekara ashirin ina zaune da zabiya ban sani ba. Hajiya, yaushe za ki yi mana wasa?"

Na ce, "Ranar da kika daina sa ido a tukunyar mutane."

Ɗana bai yi dariya ba. Ya ɗauki ambulan ya karanta, ya ce mai gangar ne ya tattaro duk abin da suka taɓa ɗauka, ya gyara, ya haɗa wuri guda. "Goma sha biyu ne, Umma. Iyakar abin da muka yi ke nan."

Baƙuwa ta yi ta murza bakin mayafinta, sannan ta ce akwai saƙon baki. Mai gangar ya buɗe ɗakin ɗaukar waƙa a Kano, aiki ya yi masa yawa, ya rasa mai taɓa jita kamar Yaya. Ya ce Yaya ya taho da iyalinsa, kuma kada ta koma sai da amsa, e ko a'a. Daga baya na ji ashe ya daɗe yana bugo waya, ɗana ya daina ɗauka. Shi ya sa ya biyo ta cikin daddawa. Ya san gidan, ya san wadda take kwance ƙulli.

Abin da kowa a falon ya sani, ban da baƙuwar, shi ne takardar zamana a jikin tasa take rataye. Tun rasuwar ubansa shi ne ya ɗauke ni a ƙarƙashin iƙamarsa. In ya yi fitar da ba dawowa, tawa ta faɗi tare da tasa, sai in bi shi ko in zauna ina ɓuya a bayan ƙofa da furfurata. Ni kuwa ina yarinya na bar Kano. Waɗanda suka san fuskata a can duk ƙasa ta rufe su. A nan na binne miji da 'ya'ya biyu, kuma ban roƙi Allah komai ba kamar a sallace ni a Harami.

Na ce masa, "To, ga ka ga ta. Ka ba ta amsa."

Ya ce, "Umma, kin san abin da zai faru da takardarki."

"Na sani."

"Za ki bi ni?"

Tun yana goye bai taɓa tambayata abu ido cikin ido ba sai ranar. Shekararsa talatin da takwas, gashin gefen kunnensa ya fara fari, bayansa ya fara ranƙwafawa irin na direbobi. Na ga duk wannan, ba wai ban gani ba.

Na ce, "Ubanka yana nan kwance."

Ya ce, "Tayyib. Shi ke nan." Ya dubi matarsa ya ce a kawo abinci, baƙuwa tana jin yunwa. Muka ci shinkafa faifan yana ta yi, babu wanda ya tashi ya kashe shi har ya ƙare don kansa. Baƙuwa ta tafi ba a ba ta amsa ba.

Washegari bayan asuba na ƙulla dabino da jarkar zamzam, na ce ya kai ni Misfala. Bai tambaye ni me zan yi ba. Da muka isa ƙofar masaukin ya tsaya a mota, na hau bene uku ina hutawa a kowane hawa. Na tarar da ita tana ɗaure kaya. Na ba ta na gidansu, na ware wani ƙullin na ce na mai gangar ne.

Ta ce, "Amsar fa, Hajiya?"

Na ce, "Ki ce masa uwar tana raye tukuna."

"Shi ke nan?"

"Zai gane."

Na sauko. Ɗana ya miƙo hannu ya buɗe mini ƙofa daga ciki, ya mai da ni gida, ya wuce Aziziyya wurin aiki.