Amanar da Na Kai Azbin a Kan Keke

Bayan dogon nazari na tabbata cewa abin da ya riƙe ƙasar Hausa tun kaka da kakanni ba takobi ba ne, ba alƙalami ba ne, ba kuma fatauci ba ne. Kalmomi huɗu ne kacal: "Tunda za ka can." Da su aka ɗaure Daura da Damagaram, da su daddawa ta san Agadas, da su cuku ya san Kano. Duk daular da ta rushe, in ka tona, za ka tarar wani aka ba saƙo ya manta. Ina da bakin faɗin haka, domin ni ne ɗan saƙo mafi nisan zango da unguwarmu ta taɓa fitarwa, kuma a kan keke na yi aikin.

A shekarun farko na Shari'a ne, lokacin da ba a sauka daga mumbari ranar Juma'a ba a taɓo amana ba, har masu awon hatsi suka fara kallon mudunsu da idon tuhuma. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Daura. Shekara goma sha takwas ina zana hamada a allo. Na san inda ta fara, na san inda ta ƙare, in an kaɗa ƙararrawa kuma in share ta da tsumma. Amma ban taɓa taka ta ba. Iyakar arewata kasuwar Mai'aduwa, can ma rago na je saya.

Da babban hutu ya gabato, damina ta zauna, sai na yanke shawarar zuwa duwatsun Azbin a kan baƙin keken da mahaifina ya bar mini, mai kariyar ɗaukar kaya kamar gadon ƙarfe. Na faɗa a ɗakin malamai.

"Malam, motocin ne suka ƙare?" in ji malamin lissafi.

Na ce masa wanda ya shiga mota ƙeyar na gabansa kawai yake gani, ni kuwa ƙasa zan je gani.

Faɗar da na yi ita ce kuskurena. Kafin la'asar unguwa ta ji, kafin kwana biyu zaurena ya zama tasha. Wannan ta kawo daddawa a kai wa 'yar'uwarta a Matamai. Wancan ya kawo turmin atamfa da rediyon da aka gyara, na Damagaram. Liman ya kawo littafi. Kowa da kalmominsa huɗu, kowa kuma da "ai ba nauyi". Gaskiya ne, ɗaya ba nauyi. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona ina ɗaure kaya da tsohon tiyub.

"Malam, kai za ka hau keken, ko shi zai hau ka?"

Ana gobe zan tashi, da hantsi, maigadin makarantarmu ya yi sallama. Dattijo ne mutumin Azbin, dogo, ba a ganin komai a fuskarsa sai idanu a tsakanin rawani. Baba muke ce masa duka, har shugaban makaranta. Hannunsa ba komai, na yi hamdala a zuci.

"Malam, tunda za ka can," ya ce, ya zauna.

Ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa a makaranta ba. Yana da ƙane a wani ƙauyen lambu a gindin duwatsu, bayan Agadas. Sun yi faɗa a kan rijiyar da ubansu ya bari, ya fito cikin fushi, shekara ashirin da wani abu ba su gaisa ba. Yanzu direbobin albasa sun kawo labarin ƙanen ba shi da lafiya.

"Ka ce masa rijiyar tasa ce. Ka ce masa na yafe, shi ma ya yafe mini. Shi ke nan."

"Baba, me zai hana in rubuta maka takarda, a ba direba? Kwana biyu ta isa."

"Takarda ba ta da ido, Malam. Direba kuma zai faɗa yana tsaye, injin na kuka. Wannan magana ce ta mutumin da zai zauna." Ya gyara rawani. "In ya rigaye ni ba ta isa ba, ban san abin da zan ce gobe kiyama ba."

Na karɓa. Duk cikin kayan nan shi ne kaɗai ba a ɗaure da tiyub ba, shi ne kuma ya fi danna sirdi.

Na fita Daura bayan asuba, gero ya kai ƙugu dama da hagu, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya. Na tsallaka iyaka ta Kongolam. Jandarman da ke can gefen ya zagaya keken sau biyu.

"Fatauci?"

"Saƙo."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya buga mini hatimi, sannan ya rage murya. "Malam, tunda za ka bi ta Kance, tsohuwata tana can." Ya miƙo ƙullin sukari da ganyen shayi.

A nan na fara gano wata doka da ba ta cikin littafin da nake koyarwa: saƙo ba ya ƙarewa, haihuwa yake yi. Na zaci kowane gari na isa kaya za su ragu. Ashe duk wanda ka kai wa abu yana da wani a gaba. Mai daddawar Matamai ta karɓi ƙulli ɗaya ta ba ni biyu. Kuma ba a sallamar ɗan saƙo a tsaye. Sai ya ci tuwo, sai ya kwana, sai ya ba da labarin kowa a Daura gida gida, wa ya haihu, wa ya rasu, wa ya sake gini. In ka ce za ka wuce, a ce, "Haba Malam, me muka yi maka?" Matamai kwana biyu, Kance kwana ɗaya, Damagaram kwana uku, ga na hanya. Ni da na fito neman yunwa da ƙishirwar hamada, sai ga shi ina sassauta tazuge.

Rana ta tara ina Damagaram, a bakin tasha, na ci karo da wani direban albasa da ya sauko daga arewa. Na kwatanta masa ƙauyen da ƙanen Baba.

"Mai rijiyar nan? Jiki ya yi tsanani. An kai shi asibitin Agadas, na ji an mai da shi gida."

A wurinmu in an ce an mai da mara lafiya gida, ba a tambayar dalili. Hankali ya ce in ɗora keken a kan motar da za ta arewa, in isa gobe. Na kawo wa hankali hujja: Baba da bakinsa ya ce ba ya son saƙon mota. Hujjar ta yi kyau a lokacin. Yanzu da furfura ta gama fitowa na san sunanta girman kai, domin ban ga yadda zan koma ɗakin malamai in fuskanci malamin lissafi ba. Abin da na iya yi shi ne na ɗauki alkawari: daga nan ba ƙarin saƙo, ba kwanan baƙunta.

Wanda bai gwada ba zai zaci taka feda ya fi wuya. A Tanut na sauke ƙullin ƙarshe a gidan wani dattijo. Ya shiga ciki ya fito da buhun gero rabi.

"Tunda za ka Agadas…"

"Baba, ka gafarce ni, ba zan ɗauka ba."

Ya dube ni kamar na taka masa sallaya. "Daga ina ka ce kake?"

"Daura."

"To. Daura ta canza."

Na hau keke da wannan a kunnena. Har yau in na tuna sai na ji kunya, amma da za a maimaita, haka zan sake yi.

Bayan Tanut gero ya fara gajarta, ya koma tsayin gwiwa, ya koma abin tausayi, sannan ya sallama. Sai ciyawar damina siririya kamar gemun saurayi, da raƙuma suna kallona da irin kallon da masu duba makarantu suke yi wa sabon malami. Kwalta takan tafi lafiya lau, sai ta nutse cikin rairayi ba sallama, in sauka in tura. Ƙaya kuwa ta san aikinta. Rana ɗaya na yi faci huɗu, har tiyub ɗin baya ya koma kamar rigar mahaukaci. Ƙarangiya ta kama wandona ta ƙi saki. Da rana ta take, in sami wata 'yar bishiya mai inuwa kamar hankici, in cusa kaina a ciki in bar ƙafafu su ji da kansu. Ruwan salka ya ɗauki ɗanɗanon akuyar da ta ba da fatar, na sha ina godiya. Ina ƙasaru, ina haɗa azahar da la'asar, in ci gari da ƙuli, in hau.

Littafi ya gaya mini zafi, ya gaya mini ƙarancin ruwa. Bai gaya mini shiru ba. A Daura ko a maƙabarta kana jin ɗan acaɓa daga nesa. A can kuwa ba abin da nake ji sai kacar kekena da numfashina, har na fara jin kunyar tari. Wani makiyayi ya ba ni nonon raƙumi a akushi, bai tambaye ni inda za ni ba, bai kuma ba ni saƙo ba. Na so in rungume shi.

Cikin wannan shiru na shiga gyaran maganar Baba. Jimla biyu ce, ni kuwa malami ne, ban ga yadda za a yi tafiyar kwana da kwanaki a sauke jimla biyu ba. Na yi mata gabatarwa a kan zumunci. Na sa mata karin magana uku, na cire ɗaya saboda ya yi kaifi. Na kawo misalin rijiya da guga, na ɗaure ƙarshe da addu'a. Ina takawa ina bita da ƙarfi, raƙuma na saurare. Duk da haka, kowace safiya tambaya ɗaya ce take riga ni hawa keken: ƙanen Baba yana nan, ko an yi sadakar uku?

Na gangara gangaren Tigidit birki na kuka, ƙasa ta buɗe a gabana har inda ido ya gaji. Kusa da Agadas wata busasshiyar ƙorama ta tare ni. Sama tas, ba ko gajimare, amma ruwa ja ya taho daga duwatsu yana jan itace, domin an yi ruwa a can inda ban gani ba. Wannan na sha koyar da shi, da zane har da kibiya. Na zauna rabin yini a gaɓa ina kallon darasina yana cinye mini lokaci.

Agadas ban yi mata kallon kirki ba. Na sha ruwa, na cika salka, na tambayi hanya. Daga nan dutse ne baƙi, hawa da sauka, inda keken ya hau ni kamar yadda uwargida ta hango. Rana ta goma sha takwas, da hantsi, na hango kan dabino a cikin kwari, na ji kukan gugan rijiya. Na tsaya na kasa kunne ko zan ji koke-koke. Ba komai sai tantabaru.

Na sami ƙanen Baba a zaune a kan tabarma a gindin dabino, ramamme, amma a zaune. Raƙumi na jan guga, ruwa na bin kwalbati zuwa fangalin albasa. Idanun nan na Baba ne sak. Na zauna tun ba a ce in zauna ba.

A can baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai an sha shayi, kofi uku, kowanne da nasa jira. Na sha na ɗaya, na sha na biyu, na sha na uku. Sannan na gyara zama, na yi gyaran murya, na fara. Ban tsallake komai ba. Gabatarwa ta fita sumul, karin magana suka faɗa inda aka tanadar musu, na zo kan rijiya na ce tasa ce, na zo kan gafara muryata ta ɗan karye, abin da ba ya cikin shiri. Ban taɓa ba da darasi mai kyan wannan ba. Bai katse ni ba ko sau ɗaya.

Da na shafa addu'a, shi ma ya shafa.

"Malam, ka iya magana. Yayana tun da aka haife shi bai taɓa haɗa magana mai tsawon wannan ba."

"Ma'anar tasa ce, ni jerawa na yi."

"Allah ya saka. Dama ya ce in ka iso a ba ka shayi, kada a katse ka, wai kana son bayani."

Na ajiye kofin. "Ya ce? Yaushe ya ce?"

"Ina asibiti. 'Yata ta samo lambar waya wurin wani direba. An ce wani ya kafa lema da wayar salula a bakin ƙofar makarantarku bayan tasowarka, shi ya kira mana yayana muka yi magana."

Sun yafi juna kwana goma sha biyu kafin in iso, cikin minti biyu.